Kwamfutar da na haɗa da hannuna ta ƙi wuce mega 11 a waya, in mayar da uwar allon Duwala?

Mai Kyamara na Yelwa (Garwa)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako, don abin nan ya kai ni bango.

Ina da ɗan studiyo a Yelwa nan Garwa, ina ɗaukar hoto da bidiyo na biki da suna da walima. Shekara shida ina lallaɓa wata tsohuwar kwamfuta, bana dai Allah ya hore na tara kuɗi, ƙanena da ke Duwala ya sayo mini kaya guntu-guntu ya sako a mota, na zauna na haɗa da kaina. Ryzen 5 3600, uwar allo B450, RAM giga 16, faifan NVMe tera 1. Ta tashi lafiya, Windows ta hau, aikin montaji kuwa sai godiya. Bidiyon da a da nake barin sa ya kwana yana fita, yanzu kafin in dawo daga la'asar ya gama.

Tsohuwar ban yar da ita ba, na mayar da ita rumbu. Tana ɗakin baya inda ya fi sanyi, duk aikin da na gama can nake turawa, saboda wata amaryar sai bayan shekara za ta aiko a ce ta batar da kile ɗinta na USB, a sake zuba mata. Tsakanin shago da ɗakin nan na ja waya, za ta kai mita 25, ta bi saman bango ƙarƙashin kwano. Akwai ƙaramin suwic mai baki 8, akwatin da ake soka wayoyin, shi ke haɗa su.

Ga matsalar. In na kwafi fayil daga sabuwa zuwa tsohuwa, Windows na nuna 11,3 Mo/s, wani lokaci 11,5, shi ke nan. Ba ya hawa, ba ya sauka, layin nan kore a miƙe kamar an ja shi da rula. Bikin yini biyu yakan ba ni kusan giga 40, sai in yi awa guda cur ina jira. A kwalin uwar allon an rubuta gigabit ƙuru-ƙuru, a jikin suwic ma haka.

Abin da na riga na yi: na cire direban katin rezo, wato netwok, na sake sa sabo, na kashe antibirus, na canza bakin da wayar ke shiga a suwic, ranar Juma'a har Windows na goge na sake ɗorawa. Babu abin da ya canza. Ƙanena ya ce wataƙila bakin waya na uwar allon ne ya zo da aibi, in kwance in aika masa ya mayar wa mai shago. Ku dubi wahalar nan, ga kuɗin mota, ga sati biyu ba aiki, kuma bukukuwan bayan Sallah sun matso. Wa ya taɓa haɗuwa da irin wannan?

Ɗan Kuseri

Wa alaikumus salam. Malam wannan ai ba kwamfutarka ba ce, rezo ne. Mu nan Kuseri in ka samu mega 11 ma ai sai ka yi sadaka. Ka gwada bayan sha biyun dare lokacin da mutane suka kwanta, za ka ga bambanci. In ba haka ba canza layi, ni layi biyu nake riƙewa saboda haka.

Mai Kyamara na Yelwa (Garwa)

Na gode ɗan uwa, amma babu intanet a maganar nan ko kaɗan. Kwamfuta biyu ne a gida ɗaya, waya ta haɗa su. Ko na cire modem ɗin daga wuta, kwafin yana tafiya, kuma a 11 ɗin nan dai.

Baba Mai Pens (Marwa)

Ɗana, kar ka kwance komai. Ajiye sukurdireba tukuna.

Lambar da ka kawo ita ce ta faɗi ciwon. Duk wanda ya daɗe yana jan waya, da ya ji an ce 11 da ɗigo kaza, kuma ba ta motsi, ya san waya ta ɗaure a megabit 100. Ga lissafin: gudun waya da bit ake auna shi, Windows kuma in tana kwafi da bayit take nuna maka, shi ne Mo/s ɗin nan na Faransanci. Bit 8 ne bayit ɗaya. Raba 100 gida 8, ka samu 12,5. Cire abin da ke tafiya a adireshi da sauran bayanan da ake liƙa wa kowane ƙunshi, sai ya rage 11 da rabi ko kusa da haka. Da a ce a gigabit kake, da 110 zuwa 115 za ka gani, giga 40 ɗinka minti 6 ne. In faifai ne ke da nauyi ko antibirus ke riƙe ka, lambar rawa take yi, ta hau ta sauka. Taka a miƙe take, to rufi ta buga.

Abu na farko, ka tabbatar da idonka. Danna maɓallin Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna Ethernet sau biyu. Akwai layin da ya ce Vitesse. Ko dai 100,0 Mbits/s ko 1,0 Gbits/s. Ka yi haka a kwamfutocin biyu, don ba ka faɗa mana ko tsohuwar tana da gigabit ba. Wasu tsofaffin injuna, musamman ƙananan laftof masu araha, bakinsu 100 ne daga kamfani, ko ka ja musu wayar zinare ba za su wuce nan ba.

Na biyu, juya suwic ɗin ka karanta lambar da ke ƙasansa, kar ka tsaya a kan kwali. Misali a kayan TP-Link, wanda lambarsa ta fara da TL-SF na 100 ne, TL-SG shi ne gigabit. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma a ido kamar tagwaye suke. Sannan ka duba ko wayar ba ta ratsa ta modem ba kafin ta kai ɗakin baya, don modem ɗin 4G da yawa bakinsu na baya 100 ne.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi kwanciya: wa ya matsa kawunan wayar nan ta mita 25? A cikin wayar akwai sili 8, an murɗe su biyu-biyu, tufka 4 ke nan. Gudun 100 da tufka biyu kawai yake aiki, ƙafa ta 1 da 2 da 3 da 6. Gigabit kuwa, tun da aka fitar da ƙa'idarsa a 1999, duk tufka huɗun yake so, ko sili ɗaya ba ya yafewa. In sili ɗaya daga cikin 4, 5, 7 ko 8 bai taɓa ba, katin ba zai yi maka ƙorafi ba. Zai gwada gigabit, ya ga ba hanya, ya sauka 100 shiru, fitila ta kama, komai ya yi kamar lafiya. Shi ya sa mutum zai yi shekara a haka bai sani ba, musamman in intanet kaɗai yake yi da wayar, tunda intanet ɗinmu na nan bai cika kaiwa inda zai tona asirin ba. Kai da kake tura bidiyo ne ka ji a jikinka.

Gwajin da ba ya cin ko dala: ɗauko tsohuwar kwamfutar daga ɗakin baya, ajiye ta kusa da sabuwa, nemi gajeriyar waya irin wadda aka matsa daga kamfani, kamar wadda ke zuwa cikin kwalin modem, amma ka ɗaga ta a haske ka ƙirga silin da ke cikin kan, don wasu na kwali sili 4 kawai ake sa musu. Haɗa su da ita. In ka ga 1,0 Gbits/s, uwar allonka ta fita daga zargi.

'Yar Dang (Ngawundere)

Baba ya gama magana, ƙari kaɗan zan yi. Yaya, ka daina auna rezo da kwafin fayil, domin kwafi abu uku yake gwadawa a lokaci guda: faifan da ake karantawa, waya, da faifan da ake rubutawa. In lambar ta yi ƙasa ba ka san wanne ne mai laifi ba.

Akwai ƙaramar manhaja kyauta, iperf3, da ita muke gwaji a ɗakin kwamfuta a makaranta. Ba ta taɓa faifai ko kaɗan. A tsohuwar ka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta iperf3 -s, a sabuwar ka rubuta iperf3 -c sai adireshin tsohuwar, irin 192.168.1.20 ɗin nan. Daƙiƙa 10 take yi. Waya mai lafiya a gigabit takan ba da kusan 940 Mbits/s, wadda ta ɗaure a 100 kuma kusan 94. In ka ƙara -R a ƙarshe sai ta gwada ta ɗaya ɓangaren. In ta ƙi haɗuwa, katangar tsaron Windows ce ta tare ƙofa ta 5201, ka ba ta izini.

Kuma tunda B450 ce, mai yiwuwa katinka Realtek ne. A Gestionnaire de périphériques, cikin shafin Avancé, akwai zaɓuɓɓukan tsimin wuta, ɗaya ana ce masa Ethernet vert, wani kuma yakan kashe gigabit da kansa. Ba laifi ka kashe su ka gani. Amma Vitesse et duplex ka bar shi a kan na kai-da-kai.

Mai Kyamara na Yelwa (Garwa)

Allah ya saka da alheri Baba, ke ma ƙanwata na gode. Jiya da daddare bayan an dawo da wuta na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwar kwamfuta: 1,0 Gbits/s. Wallahi sai da na ji kunya, sati biyu ina zargin ta. Tsohuwar da ke ɗakin baya: 100,0 Mbits/s. Suwic SG ne, kuma yana nan cikin shago kusa da sabuwar, gajeriyar waya ce ta kamfani ta haɗa su. Doguwar ita ce ta tafi baya.

Na kinkimo tsohuwar, ƙura kamar an tono ta daga rami, na kawo shago na sa mata gajeriyar waya. Nan take ta nuna 1,0 Gbits/s. Ashe tana da shi tun asali.

Baba ka tambayi wa ya matsa kawunan. Ni ne. Na sayi waya a kasuwa ana auna mini da mita, na sayi kawuna goma da pens, filayar matsa kan waya, mai araha, na kalli bidiyo a waya na matsa. Da fitila ta kama sai na ɗauka na iya.

Wani abu kuma, kafin in karanta saƙon ƙanwata har ƙarshe, na mayar da injin ɗakin baya na je Vitesse et duplex ɗin nan na tilasta masa 1.0 Gbps. Sai rezon ya ɗauke gaba ɗaya, jan kuros ya fito, wai ba a haɗa waya ba. Na mayar yadda yake, ya dawo 100. Wannan me yake nufi? Kuma in sake matsa kawunan ne ko in sayi wata wayar ɗungurungum? Na cire kan na duba a fitilar waya, ni dai duk takwas ɗin na gan su a ciki.

Baba Mai Pens (Marwa)

Alhamdu lillahi, kuɗin mota ya tsira.

Ɗaukewar da ya yi shaida ce a kan wayar. Ka hana shi sauka 100, shi kuma ba shi da tufka huɗu masu lafiya da zai hau gigabit, sai ya zauna a ƙasa. Dama gigabit ba a yi masa dole, sai ɓangarorin biyu sun yi ciniki tsakaninsu sun shirya wanda zai riƙe agogo. Ka bar shi yadda 'yata ta ce.

Ganin sili a cikin kai ba ya nufin ya taɓa. Waɗannan ƙafafun masu ruwan zinare haƙora gare su a ƙasa, pens ke danna su su huda robar silin su ciji ƙarfen ciki. Pens mai araha sau da yawa ba ya danna su daidai, gefe ɗaya ya nutse, ɗaya gefen ya tsaya a sama. Riƙe kan a gaban idonka ka kalle shi ta goshi, ka ga ko ƙafafun takwas tsayinsu ɗaya. Sannan ka kalle shi ta gefe, kowane sili ya kamata ya kai har ƙarshe ya dungure bango, ka ga ɗigon jan ƙarfe takwas a jere. Na ruwan ƙasa, da yake shi ne a bakin gefe, shi ya fi yawan zamewa baya lokacin da mutum ke tura wayar.

Ka nemi aron testa wajen masu sa kyamarar tsaro, ba ta da tsada ma in za ka saya. Gida biyu ce, babba da ƙarama, kowace da fitila 1 zuwa 8, da batir mai bolt 9 take aiki. Ka sa babbar a kai ɗaya, ƙaramar a ɗaya kan, fitilun su riƙa bin juna a jere. Wadda ta tsallake, silin nan ne. Ka sa yaro ya riƙa ɗan lanƙwasa wayar kusa da kan kana kallo, don wani silin sai an motsa yake saki.

In za ka sake matsawa ga jerin da muke bi, wanda ake kira T568B. Ka riƙe kan, ɗan harshen robar yana kallon ƙasa, ƙafafun suna kallon sama, daga hagu: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kai biyun iri ɗaya. Kar ka warware tufkar ta wuce kamar santimita ɗaya da ɗan kai, kuma rigar wayar ta shiga cikin kan, don maƙallin baya ya kama ta, ba silin tsirara ba. Ka yanke su da almakashi mai kaifi, baki ɗaya, kafin ka tura.

Sai maganar ita wayar kanta, tunda ka ce a mita aka auna maka. Ka yanki ɗan guntu, ka feɗe sili ɗaya, ka kankare shi da reza. In har ciki ja ne, jan ƙarfe ne na gaske. In ka kankare sai fari ya fito, to alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, shi ake rubuta wa CCA a kwali, in an rubuta ke nan. Ko ka kunna masa ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya da ƙarfinsa, alminiyom kuwa sai ya langaɓe ya sunkuya nan da nan. Irin wannan wayar ta cika kasuwanninmu saboda arha, kwali ɗaya na mita 305 in ka ɗaga za ka ji shi sakayau. Tana aiki, ban ce ba ta yi, a mita 25 gigabit zai iya hawa. Amma tana da gautsi, lanƙwasa biyu uku sai ta karye a ciki roba na nan lafiya, kuma alminiyom in ya sha iska yakan yi wata fata da ke hana shi taɓa ƙafar kan da kyau. Ka haɗa da zafin ƙarƙashin kwano a Garwa a watan Afrilu, ni ba sai na faɗa maka ba. Ƙa'idar Cat5e, wato ajin wayar da ya isa gigabit, ta ce mita 100 a gigabit, amma da jan ƙarfe zalla aka yi wannan alkawarin.

Kar wani ya ruɗe ka da cewa sai ka sayi Cat6 ko Cat7. Cat5e na gaske ya ishe ka har ya yi saura.

Abban Iman (Njamena)

Salam. Ina bin zancen nan tun farko don na sha irinsa, amma nawa ya fi naka rainin hankali. Testa ta nuna mini 1 zuwa 8 lafiya lau, amma rezo na ta yankewa, wani lokaci har ya faɗo megabit 10. Kwana uku ina fama. Ashe yaron da ya matsa mini ya jera launukan ne yadda suka yi masa kyau a ido: lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. Da yake kai biyun iri ɗaya ya yi, wuta na wucewa, testa ba ta ga laifi ba. Amma ƙafa ta 3 da ta 6 dole su fito daga tufka ɗaya, haka 4 da 5. Shi ya sa a jerin da Baba ya kawo za ka ga kore ya rabu ya sa shuɗi a tsakiya. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar da sili ke jefa wa ɗan uwansa. Don haka ko testa ta ce lafiya, ka dubi launukan da idonka.

Na biyu, tunda wayarka ta bi ƙarƙashin kwano zuwa wani ɗaki, ka yi hattara da damina. Bara tsawa ta faɗi kusa da mu, ba ta ƙone suwic ɗin duka ba, baki biyu kawai ta taɓa, tun daga ranar waɗannan biyun ba su sake hawa gigabit ba, sauran kuma lafiya. In hadari ya haɗo ka zare doguwar wayar daga jikin suwic, ondila, akwatin batirin nan mai riƙe wa kwamfuta wuta, ba ta kare wannan hanyar sai in tana da bakin waya nata.

Mai Kyamara na Yelwa (Garwa)

To jama'a ga labari, rabi daɗi rabi tambaya.

Na samo testa wajen wani abokina mai sa kyamara a unguwar Poumpoumré. Fitila ta tafi 1, 2, 3, 4, 5, 6, ta tsallake 7, ta kama 8. Na sa yarona ya motsa wayar ta kan da ke ɗakin baya, sai 7 ta ɗan yi ƙyaf ta mutu. Na yanke kan na duba da kyau, fari mai ratsin ruwan ƙasa ya tsaya baya da sauran kamar tsawon ƙwayar gero, haƙorin ya ciji roba kawai. Ƙwayar gero ɗaya, Baba! Ita ta sa na goge Windows, na yi wa ƙanena faɗa a waya cewa ya sayo mini jabu. Na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce sai na aika masa da kilishi.

Jerin launukan dai daidai na yi tun farko, Abban Iman, na duba. Na karɓi pens ɗin abokin nawa, mai nauyi, wanda ba ya buɗewa sai ya kai ƙarshen matsa. Na ɓata kai biyu kafin na uku ya zauna. Yanzu ɗakin baya na nuna 1,0 Gbits/s, iperf3 ta ba ni 936 zuwa, 941 dawowa.

Na kankare silin kuma. Fari ne tas a ciki. Mai shagon da ya sayar mini har rantsuwa ya yi.

Ga inda na sake tsayawa. Da na kwafi bikin makon jiya, ya fara da 112 Mo/s har na yi kabbara, bayan 'yan daƙiƙu sai ya zube ya dawo 33, 35, yana ta rawa a nan. Ya fi da sau uku, amma ba 110 ɗin da Baba ya ce ba. Ko wayar CCA ɗin ce ke gajiya in ta yi zafi?

'Yar Dang (Ngawundere)

A'a yaya, waya ta gama nata, 940 ɗin nan ita ce shaida. Da wayar ce da iperf3 ta nuna. Hawan farko da ka gani, Windows ce ke zuba fayil ɗin cikin RAM na tsohuwar kwamfutar, da ya cika sai aka koma gudun faifan da ke karɓa.

35 ɗin nan ma lamba ce mai suna, kamar 11 ɗin Baba. A ina ainihin fayilolin ke sauka, faifan cikin kwamfutar ko na waje mai igiya? In na waje ne, duba ramin USB da ka soka shi. USB 2.0 a takarda megabit 480 ne, a aikace bai cika wuce 35 zuwa 40 Mo/s ba. Ramin 3.0 yawanci harshensa shuɗi ne ko an rubuta SS a gefensa, na 2.0 baƙi. Tsofaffin akwatuna da yawa ramukan gaba duk 2.0 ne, shuɗayen na baya.

In ka gyara wannan ma kar ka sa rai da 112 kullum. Faifai mai juyawa na waje, ɗan ƙaramin nan, yakan yi wajen 100 ko sama kaɗan in babu kaya a ciki, yana cika yana raguwa. Kuma babban bidiyo ɗaya ya fi hotuna dubu uku saurin wucewa ko da nauyinsu ɗaya, don kowane fayil sai an buɗe masa an rufe.

Mai Kyamara na Yelwa (Garwa)

Ƙanwata Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Na waje ne, tera 4, kuma a ramin gaba yake tun ranar da na saye shi, don nan ne hannuna ke kaiwa ba sai na ja tebur ba. Na zagaya baya da tocila, ga shuɗaye guda biyu, ɗaya ma firinta ce a ciki. Na musanya su.

Yanzu bidiyo na tafiya tsakanin 95 da 105, hotuna kuma wajen 60. Bikin giga 38 ya wuce cikin minti 7, na tsaya a kansa da agogo, ko shayin da na ɗora bai tafasa ba.

Wayar CCA na bar ta a wurin tukuna, na dai ɗaure ta da kyau kusa da kawunan don kar ta riƙa motsi. Bayan bukukuwan Sallah in kuɗi ya shigo zan canza ta, in saka ta cikin bututun roba in sauko da ita daga jikin kwano. Baba, in na tashi saye, akwai abin da ake dubawa a jikin rigar wayar, ko dai in tafi da rezata kasuwa?

Baba Mai Pens (Marwa)

Tafi da rezarka. A jikin riga za ka ga an buga 24AWG, wato kaurin silin, da Cat5e, wani ma har da kalmar da ke nufin jan ƙarfe zalla, amma injin buga rubutu ba ya ƙin abin da aka ba shi. Ka ce a yanko maka ɗan yatsa ɗaya daga kwalin da za a auna maka, ba daga wani ba, ka kankare a gaban mai shagon. Ka ƙara mita biyu a kan awonka saboda ranar da za ka sake yanke kai. Pens ɗin nan naka kuma ka ba yara su riƙa fasa gyaɗa da shi.